Turakun Safiyo da Akuyar Kaka Dijatu

Shekarar da aka fara auna hanyar jirgin ƙasa daga Makurɗi zuwa Lafiya, ina cikin masu jan sarƙa. Sunana Modu, mu Barebari ne, gidanmu yana Akurba, can bakin gari. Karatuna na allo ne, boko kuwa sai daga baya na ɗan tsinta a wurin aiki, saboda haka wanda ya ga zancena ya karkace sai ya yi mini haƙuri.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ba ya gaggawa. Baturen safiyo yakan kafa madubinsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya ɗaga hannu. Mu kuma mu ja sarƙar ƙarfe har ta miƙe, inda ta ƙare in durƙusa in buga turke, in shafa masa jan fenti a ka. Buga turaku aikina ne, kuma ina jin daɗinsa. Da yamma in ka waiwaya sai ka ga jajayen kawuna sun jeru cikin ciyawa har inda ido ya tsaya.

Baturen ana ce masa Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki. Saurayi ne, bai girme ni da yawa ba, dogo, kunnuwansa kullum jajaye saboda rana. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin wadda namiji da mace duk "shi" ne. Wannan a Lafiya ba abin dariya ba ne, rabin kasuwa haka take magana. Yana kuma da tafinta, Malam Sha'aibu, Banufe daga Lakwaja, mutum mai tsabta, mai gudun duk abin da zai ɓata aiki.

Mai Lofe yana da ɗan biri da ya saya a Agyaragu. Wata rana muna hutawa a inuwa, birin ya sauko daga kan tanti, ya zare lofen daga bakin ubangidansa, ya koma sama ya zauna yana tsotsa yana kallonsa ido cikin ido. Mai Lofe ya ɗaga kai, ya nuna shi da yatsa, ya faɗi wata kalma, sai dariya ta ƙwace masa. Kalmar ita ce cheeky, haka Malam Sha'aibu ya rubuta mini ita daga baya. Bayan 'yan kwanaki 'yar kuku, yarinya da ba ta gama iya magana ba, ta ɗora malafar Mai Lofe a kanta tana kwaikwayon tafiyarsa a gabansa. Ya sake faɗin kalmar, ya sake yin dariya.

Na tambayi Malam Sha'aibu ma'anarta. Ya ce rashin kunya ke nan, in kiyaye kada a taɓa faɗa mini ita. Na ce to in rashin kunya ne me ya kawo dariya? Ya ce Turawa suna faɗinta da dariya, suna kuma faɗinta da fushi, shi dai bai ga amfanin mutum ya tsaya yana gwada wace zai samu ba. Ban musa masa ba, ya fi ni sanin Turanci nesa ba kusa ba. Amma na ci gaba da sa ido. Ran da wani lebura ya tofar da yawu ya juya wa Mai Lofe baya, ba wannan kalma ya faɗa ba, wata ce daban mai kauri, kuma a ranar ya sallame shi. Sai na riƙe a raina cewa a bakin wannan Bature dai, cheeky tsiwa ce marar dafi. Ƙarami ne ke yi wa babba, a gaban idonsa ba a bayansa ba, kuma abin da aka ɗauke ana mayarwa. Da na gane haka sai na ga ashe ba baƙon abu ba ne. A cikinsa na girma.

Kakata Dijatu, mahaifiyar babana, tun ina rarrafe take ce mini maigida. Haka al'adarmu take, jika namiji mijin kakarsa ne a wasa. Takan ɓoye mini takalmi ta ce sai na ba ta zane, ni kuma in ce mata ta tsufa zan sake ta in samo yarinya. Ba mai shiga tsakaninmu, kuma duk wanda ya yi fushi a cikinmu shi ya faɗi.

Da damina ta ja baya awo ya iso Akurba, layin ya yanki gefen gonar gyaɗar Kaka. Ni da hannuna na buga turakun, tana tsaye daga nesa da fartanya a kafaɗa. Da na koma gida na same ta tana tankaɗe.

Ta ce, "Maigida, sannu da noma. Na ga ka shuka mini itace mai jan kai a gona. Yaushe zai yi 'ya'ya?"

Na ce, "In ya yi, jirgi zai haifa. Shi zan aura in huta da ke."

"Ka aura. In ga mai dafa maka tuwo cikin hayaƙi."

Muka yi dariya, na ci tuwona, ban sake tunawa da zancen ba.

Muka wuce gaba da awo. Ran da muka dawo duba layi, sai muka tarar turakun da ke gonar Kaka da na maƙwabtanta babu ko ɗaya. Mai Lofe ya cire lofe daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Dama tun farkon aiki an yi shela a kasuwa cewa duk wanda ya taɓa turken gwamnati za a kai shi gaban alƙali, kuma an riga an yi a kan wani mutum a kudu da ya tsige ɗaya ya sa a murhu. An yi masa bulala a bainar jama'a, ya kuma kwana biyu a tsare. Mai Lofe ya aika gari aka turo masa dogari, wani mai suna Babandi, ya ce a nemo masa wanda ya yi.

Babandi bai sha wuyar nema ba. Da na iso gida da la'asar, ga awakin Kaka a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu, kowace a ɗaure jikin turke mai jan kai. Sauran turakun an jingine su a jikin bishiya a tsare, duk mai wucewa yana gani. Babandi yana zaune a kan tushen ɗorawa yana cin gyaɗar da Kaka ta ba shi. Ya ce mini shi bai so ba, amma ya gani, kuma ya riga ya aika wa Bature. Gobe da hantsi Mai Lofe zai zo da kansa, daga nan sai gidan alƙali.

Na shiga wurinta. Na ce mata turakun nan ba nawa ba ne, na gwamnati ne. Ta ce ita ba ta ga gwamnati a gonarta ba, ni ta gani durƙushe ina bugawa, kuma kayan miji na mata ne. Baffana Kalilu, wanda ke riƙe da gidan, ya roƙe ta ta tafi wurin 'yarta a ƙauye kafin gari ya waye. Ta ce ita ba ta yi sata ba balle ta gudu. Ban ga tsoro a fuskarta ba, amma na ga ba ta taɓa tuwonta ba.

Abin da ke raina shi ne, tsohuwar nan tun da take ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ko a shaida. Ita ke wankan jarirai a unguwa, ita ake kira in an yi rasuwar mace. In aka bi da ita ta tsakiyar kasuwa dogari yana gaba, ko ba a taɓa ta da bulala ba, an gama da ita. Na san ba za ta sake fita ƙofar gida ba.

Da safe na tafi sansani na taho tare da su. Mai Lofe yana kan doki, ni da Malam Sha'aibu muna biye a ƙasa. A hanya Malam Sha'aibu ya ba ni shawara, kuma da zuciya ɗaya ya ba ni. Ya ce in mun isa in faɗi ƙasa in ce tsohuwa ta ruɗe, ba ta san abin da take yi ba, shi kuma zai gyara zancen da Turanci, wataƙila a tausaya. Na yi masa godiya, na ce ba zan iya ba. In na ce ta ruɗe a gaban unguwa, na cece ta daga wani wulaƙanci na jefa ta cikin wani, kuma da bakina. Ya tambaye ni to me zan ce. Na ce gaskiya zan faɗa, ina ganin mutumin nan zai gane ta. Ya dube ni, ya girgiza kai.

Muka tarar unguwa ta taru. Kaka tana zaune a kujerarta gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa, ta ci ado da zanen da take zuwa suna da shi. Kowa ya durƙusa, ita ba ta motsa ba. Mai Lofe ya sauka daga doki, ya dubi awaki, ya dubi turakunsa, ya dube ta. Ita ma ta ƙare masa kallo daga takalmi har malafa.

Ta ce da ni, "Wannan ne ubangidan naka? Ai yaro ne. Sa'anka ne?"

Na ce kusan haka.

"To sa'an jikana jikana ne. Na yi miji biyu ke nan." Ta juya wajensa. "Sannu da zuwa, ango. Wa ya sauke ka daga wuta ba ka nuna ba? Kunnuwan kaɗai suka dahu. Kuma ka zo gidan amarya hannu biyu, ko goro babu."

Mata suka rufe baki da gefen zane, samari suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Malam Sha'aibu ya yi sauri ya juya zancen, na ji yana cewa tsohuwa tana gaisuwa tana neman afuwa. Amma Mai Lofe ya tsinci "miji" ya tsinci "kunne", ya kuma ga jama'a suna danne dariya. Fuskarsa ta ɗaure. Na gane abin da ya ɗauka, cewa an tara mutane ne don a yi masa ba'a.

Ya juyo wurina. "Modu. Shi ya ce me? Gaskiya."

Na matso, na rusuna, na faɗa masa duka a hankali, da Hausa mai sauƙi yadda zai bi. Ban rage zancen kunnuwan ba. Sa'an nan na ce wannan kakata ce, uwar babana. A wurinmu kaka da jika abokan wasa ne, tana ce mini miji, tana ɗauke mini kaya ta ajiye inda zan gani. Ta ga ni na buga turakun, shi ya sa ta cire su, kuma da sata ce da ba ta ɗaure awaki da su a bakin hanya ba. Yanzu kuma da ta ce masa miji, ta sa shi cikin jikokinta ne, ba ta yi wa kowane baƙo haka.

Sai na nuna ta da hannu biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, kakata cheeky."

Na ji Malam Sha'aibu ya ja numfashi. Mai Lofe ya daɗe yana kallona, ni ma ban kau da ido ba. Bai yi dariya ba, amma na ga haɓarsa ta saki. Ya tambaye ni wa ya koya mini wannan kalma, na ce a bakinsa na ji. Ya juya ya yi magana da Malam Sha'aibu da Turanci, shi kuma ya tabbatar masa cewa al'adar gaskiya ce, har a Lakwaja ana yi.

Mai Lofe ya juyo gare ni ya ce, "In shi yi maka haka, kai yi me?"

"Sai in rama, ranka ya daɗe."

"Alƙali?"

"Ba a kai wasa gaban alƙali. Wanda ya kai, shi ya faɗi."

Ya ce to wasa ko ba wasa ba, aikinsa ya lalace, sai an sake awon wurin daga farko, kuma shi ma akwai na sama da shi da za su tambaye shi. Wannan gaskiya ce. Amma na san Kaka. Duk takalmin da ta taɓa ɓoye mini, ba ta taɓa raba shi da ɗan'uwansa ba. Na juya na tambaye ta ko ta san inda kowane turke yake.

Ta ce, "Ka ɗauka ni sakarya ce irinka? Kowane rami na kifa masa tsingaro na rufe da ƙasa. Amma ba zan nuna ba sai angon ya san abin da ya kawo mini."

Wannan karon Malam Sha'aibu ya juya zancen yadda yake. Mai Lofe ya tsaya yana tunani, hannu a aljihu. Can sai ya taka zuwa wurin awaki, ya zaɓi babbar, wata ja mai nono da Kaka ta fi ji da ita, ya sunkuya ya tsige turken da igiyar a jiki.

Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Turke nawa. Akuya a turke, nawa."

Ya juya ya kama hanya, akuya tana turjewa tana kuka, shi yana ja. Kaka ta miƙe har gyaɗa ta zube.

"Kai, ɓarawon ango! Daga zuwa sai ka kwashe mini dukiya?"

Nan unguwa ta fashe da dariya, ba mai ɓoyewa kuma. Kaka tana bin sa da zagi irin na wasa, tana cewa ta fasa auren, a mayar mata da akuyarta a ba shi takardarsa. Shi kuma ya miƙa wa yaron da ke kula da dokinsa igiyar, ya hau, ya ce a faɗa mata in turaku suka koma ramukansu akuya za ta dawo. A lokacin ne na ga yana dariya, har malafarsa tana girgiza.

Babandi ya matso ya tambaya, tsohuwar fa, a tafi da ita? Mai Lofe ya dube shi daga kan doki.

"Shi matana ne. Ba alƙali."

Da rana ta yi sanyi muka fita gona ni da ita. Na ɗauko turaku a ka, tana gaba da 'yar fartanyarta. Takan tsaya, ta kau da ƙasa da ƙafa, tsingaro ya bayyana, ta ɗaga, ga rami a ƙasa. In sa turke in buga. Tana tafe tana yi mini gori, wai miji biyu gare ta amma babu mai amfani ko ɗaya. Har muka zo wani wuri kusa da wani tsohon kututture, sai ta dakata. Ta daɗe a tsaye ba ta kau da ƙasar ba.

Ta ce, "Nan kakanka yake ajiye butarsa in ya zo noma."

Na sauke kayan na tsaya kusa da ita. Sai na gane ba duka ne wasa ba, akwai abin da ya yi mata ciwo, ba ta da wata hanyar faɗinsa sai wannan. Bayan wani lokaci ta sunkuya ta ɗaga tsingaron da kanta, ta miƙo hannu na ba ta turke, ta sa shi a ramin ta riƙe.

"Buga, maigida. Kada ka buge mini yatsa."

Washegari Mai Lofe ya kafa madubi ya bi layin. Biyu ko uku ya sa na ɗan gyara, sauran ya bar su yadda suke. A hanyar komawa Malam Sha'aibu ya jawo ni gefe ya ce na yi sa'a, amma kada in ɗauka kowane Bature haka yake, akwai wanda in na faɗa masa wannan kalma a gaban jama'a sai na kwana a tsare ni da kakar tawa. Na ce na yarda. Ba kowa ake yi wa wasa ba ko a cikinmu, sai wanda ka san zai iya ramawa.

Da yamma aka ba ni akuya na kai gida. Kaka ta karɓi igiyar, ta zagaya ta, ta duba haƙora, ta duba ƙafafu, sa'an nan ta tsuguna ta taɓa hantsar. Ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Sun tatse ta."

Na ce kuku ne, Bature ya sha shayi da nonon.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da gyaɗa soyayya, ta ɗora mini a ka. Ta ce in kai masa, in kuma gaya masa mijin da ke shan nonon akuyar matarsa a ɓoye yunwa ce ke damunsa, ga wannan ya ci ya yi ƙiba kafin ya sake zuwa zance. Ta ce kada in bar tafinta ya gyara ko kalma ɗaya.

Na juya na koma sansani tun da sauran haske, na faɗa masa kamar yadda ta ce.